Alkakin Salla a Roni

Roni gari ne a ƙasar Kazaure, cikin Jihar Jigawa, wadda aka yanka daga Jihar Kano a shekarar 1991. Yawancin mutanen wurin manoma ne, gero da dawa su ne abincinsu. Amma in azumi ya kai kwana ashirin da biyar, sai hirar mata ta koma kan alkama da sukari da man gyaɗa. Salla ta ƙarato ke nan, kowace uwargida tana so ta sami abin da za ta ajiye gaban baƙi.

Kayan zaƙin Salla iri-iri ne. Akwai nakiya, wadda ake yi da shinkafa da zuma da kayan yaji. Akwai dubulan da cincin, su kuwa da fulawa ake yin su. Amma wanda ya fi wuya shi ne alkaki, domin ba a gama shi rana ɗaya.

A wani gida a Roni akwai wata tsohuwa wadda ta gwanance wajen alkaki. Da tsufa ya kama ta, hannunta ya daina jure wa taɓarya, sai ta kira jikarta, 'yar aji biyar, ta ce, "Zo nan, kishiyata. Bana ke za ki yi, ni sai dai in duba. Ga alkama kwano ɗaya. In ta lalace ba kuɗin wata."

Yarinya ta ce, "To, Kaka."

Alkamar nan ba shukar damina ba ce. Ita sanyi take so, saboda haka da hunturu ake noman ta, ana ba ta ruwa, kamar yadda ake yi a Kadawa da ruwan madatsar Tiga, da kuma kwarin Haɗeja. Shi ya sa take da daraja.

Yarinya ta surfa alkama, ta wanke, ta shanya a tabarma. Da ta bushe aka kai inji aka ɓarzo ta, ba a niƙa ta da laushi kamar fulawa ba. Sa'an nan ta zuba mai kaɗan, ta murtsuke da hannu, ta kwaɓa da ruwa da ɗan nono mai tsami. Tsohuwa ta ce a rufe ƙwarya a kai ɗaki, kada kowa ya taɓa sai gobe.

Yarinya ta ga abin ya yi mata nisa. Da azahar ta ce, "Kaka, ai kwaɓin ya yi. Bari in soya mu gani."

Tsohuwa ba ta hana ta ba, amma ta ce ta ɗebi loma ɗaya kawai. Ta murza ta jefa a mai. Da aka tsamo shi ya huce, ƙanenta, wanda bai isa azumi ba, ya gwada cizo, ya ji kamar tsakuwa. Ya jefa wa kaji, su ma suka yi ta sara a banza.

Me ya sa haka? A cikin nono mai tsami, da jikin alkamar kanta, akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke cin zaƙin da ke cikin gari, suna fid da tsami da iska. Iskar nan ita ke buɗa kwaɓi ya yi laushi. Aikinsu kuwa ba ya gaggautuwa, sai an ba su lokaci. Suna son ɗumi, sanyi yana rage musu kuzari. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da wajen kwana 11, don haka Salla takan zaga. A 2001 Ƙaramar Salla ta zo cikin Disamba, ana tsakiyar ɗari. A 2024 kuwa cikin Afrilu ta zo, ana tsananin zafi. Kwaɓin bazara yakan tashi a dare ɗaya, na hunturu sai an ajiye shi kusa da murhu. Mai alkaki ta gari ba kwana take ƙirgawa ba, hancinta take sa wa ta ji ƙanshin tsami.

Gari na wayewa suka buɗe ƙwarya, kwaɓi ya kumbura. Tsohuwa ta sa aka jiƙa 'yar kanwa aka yayyafa, don ta kashe yawan tsamin. Yarinya ta zuba a turmi ta yi ta kirɓawa har ya yi danƙo. Sa'an nan suka zauna suna murzawa kamar igiya, suna naɗewa. Na tsohuwa kansu ɗaya, na yarinya wani ƙato wani ƙarami.

Wajen suya ne tsohuwa ta daina wasa. Ta kori yara ƙanana daga bakin murhu. Ta ce kada ɗigon ruwa ya faɗa cikin mai, domin zai yi tsartuwa ya ƙona mutum. In kuma mai ya kama da wuta, ba a watsa masa ruwa, sai a kife shi da murfin ƙarfe. Wutar ma kada ta yi yawa, don kada baya ya ƙone ciki bai nuna ba.

A wata tukunya an dafa sukari da ruwa, an matsa lemon tsami a ciki, don kada sukarin ya sāke daskarewa in ya huce. Mutanen da zuma suke sa wa, har yau kuwa na zuma ya fi daɗi. Duk wanda ya yi ja, sai a tsamo shi a tsoma cikin sukari da zafinsa, ya sha ya ƙoshi.

Ba Hausawa kaɗai ke irin wannan hidima ba. A Amurka da Ingila, in Kirsimeti ya zo cikin Disamba, iyalai sukan taru su gasa biskit a gida, waɗansu su sa masa cakulan da ƙanshin na'a-na'a. Cakulan daga 'ya'yan itacen koko ake yin sa, ba kokon da ake sha da ƙosai ba. Ana noman itacen a Ondo da sauran ƙasar Yarbawa. Nasu gashi ne, na Roni suya.

Ran Salla, da aka sauko daga idi, yarinya ta jera alkaki a faranti, ta sa munanan daga ƙasa. Ta kai wa gwaggonta, ta durƙusa ta ce, "Barka da Salla, Gwaggo. In ji Kaka."

Gwaggo ta gutsura, ta tauna, ta ce, "Ki ce mata hannunta na nan yadda na san shi."