Bindigar Kaka da Ruwan Alau Ya Fito da Ita



Sana'ata kula da tsofaffin kayan ƙarfe ce: takubba, masu, sulke, likkafa da bindigogin da. In tsatsa ta kama su in tsayar da ita, in rubuta tarihinsu, in adana su yadda za su kai ga jikoki. Aiki ne da ba kasafai ake neman mai yinsa ba. Amma tun ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga unguwannin Maiduguri irin su Gwange da Gamboru da Shehuri, ya malale Kasuwar Monday har ya taɓa fadar Shehu, wayata ba ta huta ba. Da ruwa ya janye aka shiga fitar da kaya shanya, sai ga abubuwan da aka manta da su suna fitowa daga ƙarƙashin gado da cikin tsofaffin akwatuna, har da bindigogin kakanni. Abin da na gani a wani gida shi ya hana ni yin shiru.

Wani matashi ne ya kira ni, ya ce, "Baba, akwai bindigar kakanmu da ruwa ya taɓa, ka zo ka duba mana ko za ta gyaru." Na tarar an jingine ta da bango a tsakar gida, yara na ta kai da komo. Doguwa ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, an naɗe gindinta da jar fata, ga layu biyu a ɗaure. Ya riga ya ci rabin bututun da samfefa, yana ƙyalli kamar sabon cokali, shi kuwa gani yake ya yi abin kirki. Shirinsa na gaba, ya ɗora ta a kan garwashi don damshin ciki ya fita, daga nan ya kai wa mai walda ya saki kunamar da ta cije.

Na ce kowa ya ja baya. Na juya bakinta inda ba kowa, na zura siririyar sanda a hankali har ta tsaya, na yi alama, na zaro na gwada ta a jikin bututun ta waje. Ta gaza kaiwa ƙarshe da kusan yatsa huɗu. Wato akwai abu a ciki. Na ce da tsohuwar gidan, "Hajiya, yaushe rabon da a harba ta?" Ta ce tun Malam, wato kakan yaron, yana da rai, shi kuwa ya haura shekara 30 da rasuwa. Sai ta ƙara da maganar da ta sa jikina ya yi sanyi: "Ai Malam bai taɓa kwana da ita babu ɗuri ba."

Muka sanar da Bulama, aka sanar da hukuma, aka samo wani dattijon maharbi da ya san kanta. Ya jiƙa cikin, ya zaro abin da ke ciki sannu a hankali: tsumma, gutsattsarin ƙarfe, sai albarushi da ya dunƙule. Ya ɗebi ɗan kaɗan ya shanya, da ya bushe ya jefa a garwashi don yaron ya gani da idonsa. Nan take ya tashi fuu! Yaron bai ce uffan ba, ya dai dubi ƙannensa.

Albarushi ba ya ruɓewa kamar hatsi. Muddin yana toshe zai shekara aru-aru yana jiran tartsatsi, in ma ya jiƙa, yana bushewa yakan iya dawowa da ƙarfinsa. Mutanen da kuwa a ɗure suke ajiye bindiga, don ɗurin yana cin lokaci, kura ko ɓarawo kuma ba sa jira. Saboda haka duk tsohuwar bindigar da ka gada, ka ɗauka a ɗure take har sai wanda ya san aikin ya tabbatar maka babu komai. Kada ka leƙa bakinta, kada ka busa, kada ka kai ta kusa da wuta, kada ka ja kunama wai don ka ji ko tana aiki.

Sai masu son su gwada harbi ɗaya ranar sallah ko ranar ɗaurin aure. Tsatsar da ke kashe mutum ba ta waje ba ce da ake gani, ta ciki ce. Tokar albarushi tana jawo damshi, ta yi ta cin ƙarfen daga ciki har ya zama kamar ɓawon ƙwai, alhali waje lafiya lau. In irin wannan ta fashe, hannun hagu da ke riƙe da bututun da fuskar mai harbin su ne abin da take fara samu. Haka tsofaffin bindigogi masu baki biyu da Turawan mulki suka bari. Da yawansu an ƙera su ne don baƙin albarushi da gajeren harsashi mai milimita 65. Harsashin da ke kasuwa yau yawanci milimita 70 ne ko 76, kuma da albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, mai ƙarfin da tsohon ƙarfe bai san shi ba. Harsashin zai shiga, bindigar za ta rufe, kai kuma ka ce ai daidai ne. Ba daidai ba ne. In ka ga bututu mai zane kamar an murɗa igiya, wannan ƙira ce ta naɗa sillayen ƙarfe a haɗa su da wuta, tsatsa kan ɓuya a tsakanin naɗin, kada ma a yi tunanin harba shi.

Yanzu bari in koma kan samfefar nan, don ita ce ta fi yi mini ciwo a matsayina na mai wannan aiki.

Barno ba baƙuwar bindiga ba ce. Imam Ahmad Ibn Furtu ya rubuta yadda Mai Idris Alauma, a ƙarni na 16, ya samo Turkawa masana harbi, ya kuma sa aka horar da bayin gidansa. Abin mamaki, laƙabin Alauma ɗin daga Alau ya samo asali, inda aka binne shi, wurin da ruwan nan ya taso mana. A 1870 Bajamushe Nachtigal ya iso Kukawa da kyautar Sarkin Furusiya ga Shehu Umar, a ciki har da bindigogin zamanin da harsasansu. A 1893 Rabe ya ci Barno da ƙarfin bindiga, ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu 1900. Kafin nan, a 1890, ƙasashen Turai sun yi yarjejeniya a Brussels cewa kada a sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, sai dai irin masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta daɗe a hannun maharbanmu bayan ta zama kayan tarihi a wasu wurare.

To, bindigar da ke gidanku ta iya biyowa ta kowace hanya: ta Sahara daga Turabulus, ta bakin teku ta hau Binuwai, ta gabas tare da mutanen Rabe, ko daga hannun wani Joji da ya bar wa kukunsa, ko kuwa maƙerin ƙauye ne ya ƙera ta da bututun sitiyarin mota. Kusan duk gidan da na shiga ce mini ake "ta yaƙin Rabe ce". Da duk na Rabe ne, da Faransawa ba su ga ta kansu ba a Kusuri. Abin da ke raba gardama shi ne ƙananan tambura da ke jikin ƙarfen, galibi kusa da gindin bututu ko a ƙarƙashinsa. Kambi da sanduna biyu a gicciye, tambarin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne a Ingila, wanda aka kafa a 1813. Haruffan ELG a cikin da'ira mai kamar ƙwai, na Liège ne a Beljiyam. In ka ga St Étienne da 1874, to Gras ce ta sojan Faransa. Baikal mai ɗauke da sunan USSR kuwa ta Tarayyar Sobiyat ce, jiya-jiya ce in aka gwada ta da sauran. Tamburan nan ba su da zurfi. Minti biyar na samfefa ya isa ya shafe su, shi ke nan bindigar ta zama bebiya. A gidan da na ba ku labari, rabin tambarin ya riga ya tafi, saura ɗan gefen kambi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Masu tara irin waɗannan kaya a duniya ba ƙyalli suke saye ba. Baƙin da shekaru suka yi wa ƙarfe, da fatar da aka naɗe, da layun da maharbi ya ɗaura, da wurin da tafin hannunsa ya side a jikin katako, su ne darajar. Kada a kwance layu, kada a yi fenti, kada a shafa baƙin mai na inji. Bayan an tabbatar babu ɗuri, a bar ta ta bushe a inuwa, a goge ƙarfen da tsumma mai laushi da ɗan man keken ɗinki, katakon kuma a shafa masa kakin zuma kaɗan saboda hunturu na tsaga shi. Kada a naɗe ta a leda, gumi take yi. A lura da gara.

Akwai matasan da ke kallon bidiyon Turawa masu ɗaki guda cike da tsofaffin bindigogi, su ma sha'awar tarawa ta kama su. Sha'awar ba laifi ba ce, ni ma ita ta kawo ni wannan aiki. Sai dai ƙasa ta bambanta. A Ingila doka ta yarda mutum ya ajiye wasu bindigogin da aka ƙera kafin 1939, waɗanda aka daina yin harsasansu, a matsayin kayan ado ba tare da lasisi ba. Tamu Dokar Bindigogi ta 1959 ba haka ta tafi ba. Ta kasa su uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, a ciki har da bindigar soja mai lamba .303 da dattawa suka sani tun zamanin yaƙin Hitila, da duk wata ƙaramar bindigar hannu, ko da mai ƙanƙara ce ta zamanin kakan kaka. Riƙe irin waɗannan ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Akwai na farauta, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kun ga tsufa bai fitar da ko ɗaya daga lissafi ba. A watan Agusta 2023 ma muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi.

Abin da ya fi kama mutanen kirki shi ne gado. Ana raba gida da gona da shanu, bindiga ta faɗo a kason wani, ya ɗauka da takardar lasisin mahaifinsa ya adana, yana ganin ya tsira. Lasisi na mai sunan ne, ba a gadonsa. Dokar ta ba magada kwana 14 ne kacal bayan rasuwar mai lasisi. Mu kuwa a cikin kwana 14 ko zaman makoki ba mu gama wartsakewa daga shi ba, balle a tuna da abin da ke saman silin.

Kuma nan Maiduguri ce. Garin da ya ga abin da ya gani tun 2009 ba wurin da za ka saka doguwar bindiga a buhu ka hau Keke Napep ba ne, ko da niyyarka ka kai ta ofishin 'yan sanda ko gidan tarihi. Kafin ka gama bayani a shingen bincike, magana ta yi nisa. Maharbanmu da suka taru a garin nan a 2014 suna neman a bar su su shiga Sambisa, da waɗanda har yau suke rakiyar manoma, hukuma ta san da su, suna da shugabanni da tsarinsu. Kai da ka tsinci ta kaka ba ka cikin wannan tsari. Ka bar ta inda take, ka ɗauki hotonta, ka tafi da hoton da duk takardar da ka samu wurin Bulama ko Lawan, ku je wurin 'yan sanda tare, su za su faɗi yadda za a ɗauke ta. In iyali sun ga ba za su iya riƙe ta bisa ƙa'ida ba, su nemi a miƙa ta gidan tarihi da sunan kakansu a rubuce, ya fi a jefa ta rijiya ko masai kamar yadda wasu suka yi don tsoro. Dillalin da zai zo ya ce zai saya ya fitar waje kuwa, a sallame shi. Bayan dokar bindiga, akwai dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 da ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba izini, ta kuma sa kayan ƙirar gida da aka yi kafin 1918 a wannan sahu.

Kafin in bar gidan da na ba ku labari na sa yaron ya kawo littafi da biro, muka zauna gaban Hajiya. Ta faɗi sunan wanda ya ba Malam bindigar, da dajin da yake zuwa farauta, da shekarar da ya harbi gyadon da ya addabi gonarsu, da dalilin layun nan biyu. Shafi uku muka cika. Abin da samfefa ta ci, bakinta ya mayar da fiye da rabinsa.

Don Allah wanda ya san akwai irin wannan a gidansu, yau ɗin nan ya fitar da yara daga ɗakin ya sa kwaɗo, ya zauna da tsofaffin gidan ya rubuta abin da suka sani, gobe da safe kuma ya nufi wurin Bulama.