Hawan Keke a Hanyar Burji da Turbar Daji: Darasi ga Ƴan Kasuwa da Iyalansu

Ya ku ƴan kasuwa da iyayen gida na garuruwan bakin iyaka.

Tun da kuɗin mai ya yi tsada, da yawa daga cikinku sun koma ga keke domin cin kasuwannin Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, Mai'aduwa, Matamaye da Maigatari. Akasari kuna barin kwalta, inda manyan motoci ke gudu, ku bi hanyar burji ko turbar da ta ratsa gonaki da daji. Wannan dabara ce mai kyau, domin inda babu mota haɗarin karo yana raguwa. Sai dai turbar daji tana da nata haɗarin, kuma ta yi nisa da asibiti. Darasin nan zai nuna muku amfanin hawan keke ga jiki, da yadda za ku je ku dawo lafiya.

Amfanin keke ga jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a kowane mako, yaro kuwa daga shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 a kowace rana. Idan kana tuƙa keke rabin awa sau biyar a mako, ka cika wannan adadi. Tuƙi yana ƙarfafa zuciya, yana taimakawa wajen saukar da hawan jini, yana kuma sa jiki ya ƙone sukarin da ke yawo cikin jini. Mai ciwon gwiwa ma ya kan samu sauƙinsa fiye da doguwar tafiyar ƙasa, tun da nauyin jiki a kan sirdi yake.

Ga ma'aunin tuƙi mai amfani: numfashinka ya ƙaru, amma kana iya hira da abokin tafiyarka. Idan magana ta gagara, ka rage sauri. Idan kuwa ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe ka, ko zuciya na bugawa ba bisa tsari ba, ka sauka nan take, kuma kada ka sake hawa sai ma'aikacin lafiya ya duba ka.

Kafin ka fita

Ka duba birki na gaba da na baya, ka danna taya ka ji iska, ka sa wa sarƙa mai. Ka daidaita sirdi ta yadda idan feda ta kai ƙasa gwiwarka za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ne ke jawo ciwon gwiwa da na ƙugu. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya ba sa raga wa taya, kuma babu mai faci a tsakiyar daji, saboda haka famfo da kayan faci su zauna a jakarka.

Kaya kuwa a raba su gida biyu, dama da hagu, a ɗaure su ƙasa-ƙasa a jikin kariya. Buhun da aka ɗora sama guda yana rinjayar keke da zarar taya ta shiga rairayi. Mai ƙaba ya guji turin keke mai nauyi a hawa, ya kuma nemi a yi masa aiki tun ba ta shaƙe ba.

Rana da ƙishirwa

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana a yankinmu ya kan wuce digiri 40. Ka kama hanya bayan sallar asuba, ka nemi inuwa daga hantsi mai zafi har la'asar. Ka ɗauki ruwa mai tsabta aƙalla lita biyu, kana kurɓa a kai a kai tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Fitsarinka zai gaya maka gaskiya: idan ya yi kaɗan kuma ya yi duhu, ruwan jikinka ya ragu.

Gumi yana fita da gishiri, shi ya sa jijiyar ƙafa ke ɗaurewa. Ka riƙe ƙullin ruwan gishiri da sukari da ake bayarwa a asibiti. In babu, ka zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin ruwa lita ɗaya. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo.

Idan abokin tafiyarka ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko ya suma alhali jikinsa ya yi zafi ƙwarai, rana ce ta buge shi, kuma tana iya kisa. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, domin zai iya shaƙe shi.

Mai ciwon sukari da ke shan magani ya ci abinci kafin ya hau, ya sa dabino a aljihu. Rawar jiki da gumi mai sanyi da yunwa ta farat ɗaya alamu ne na faɗuwar sukari. A watan azumi kuwa a taƙaita tafiya, a yi ta da sanyin safiya.

Wasu suna shan tiramadol wai don su ji ƙarfin tuƙi. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kawai, tana iya jawo farfaɗiya a kan hanya, kuma idan jiki ya saba da ita barinta na da wuya.

Ƙura da damina

A hunturu ka rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle, mai asma kuma kada ya bar maganin shaƙarsa a gida. Lokacin rani ne sanƙarau ke yaɗuwa. Zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sandarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Da damina kada ka tsallaka ƙorama ko gulbi yana gudu, ko da ka san mashigin, domin ruwa na canza ƙasan da ka sani. Kwantaccen ruwa na tafki da kududdufi kuma a nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je a gwada shi. Maganinta yana nan.

Faɗuwa da rauni

A kan tsakuwa a kama birki biyu a hankali. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai da ƙarfi, taya za ta zame ko keke ya jefar da shi ta kai. A rage gudu tun kafin kwana, a sauka a tura inda rairayi ya yi zurfi. Hular kwano tana kare kai, kuma kuɗinta bai kai kuɗin jinya ba.

Idan ka ƙuje, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta har ƙasa ta fita, sannan ka rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko man birki. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke haɗe haƙora ta sandarar da jiki, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. Duk rauni mai zurfi ko mai datti a kai shi asibiti a ranar, a tambayi allurar rigakafi. Wanda kansa ya bugu, sannan ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko jini ya fito ta kunne ko hanci, a gaggauta kai shi.

Maciji da kare

Kububuwa da kasa sun fi fitowa da magariba da dare, musamman farkon damina da lokacin girbi. Ka sa takalmi mai rufi, ka duba gindin itace kafin ka zauna. Idan maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure da igiya ko roba. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗora wa gaɓar sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da maganin dafi. Kada ya tuƙa keke da kansa, domin motsi yana yaɗa dafin. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum na iya ganin kamar lafiya lau yake kafin jini ya fara zuba.

Cizon kare kuwa a wanke shi da sabulu da ruwa har minti 15, a je asibiti a ranar saboda ciwon haukan kare.

Ga iyaye

Yaron da aka goya a kariya ƙafarsa na iya shiga wayoyin taya, dunduniya ta yage. A sa masa takalmi, a yi masa matakin ƙafa, kada kuma a haɗa yaro da buhu a kariya ɗaya. Doguwar riga da bakin zane a tattare su nesa da sarƙa. Mace mai ciki da ta kusa haihuwa, ko wadda naƙuda ta kama, ba a ɗaukarta a keke a hanyar burji. Ku shirya abin hawa da kuɗinsa tun cikin yana wata bakwai.

Tsaron hanya

Turba mai shiru ba kullum take da aminci ba. Wasu dazuzzukan bakin iyaka, irin su Rugu da Baban Rafi, sun sha fama da ƴan bindiga. Ka tambayi mai gari da mutanen ƙauye halin da hanya ke ciki a ranar. Ku tafi ku biyu ko uku, ku sanar da gida hanyar da za ku bi, waya da caji, katin shaida a aljihu, ku ƙetare iyaka ta mashigin da hukuma ta sani, ku kuma iso gida kafin faɗuwar rana.

Tambayoyin bita a gida

1. Sukari da gishiri nawa ake zubawa a ruwa lita ɗaya?
2. Waɗanne abubuwa uku ne ba a yi wa wanda maciji ya sara?
3. Wane asibiti ne ya fi kusa da hanyar kasuwarku, a wannan ɓangaren iyaka da wancan?

Wanda bai san amsar tambaya ta uku ba ya tambayi ma'aikacin lafiya na garinsu kafin ranar kasuwa mai zuwa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa albarka a cikin nema.