Amsoshin Tambayoyinku: Sayen Tsohuwar Marsandi

Wani mai sauraronmu daga Aliero yana tambaya: ko ya dace ya sayi tsohuwar Marsandi ƙirar W124, wadda ake kira Bi-but?

To Malam, a 1984 aka fara ƙera ta a Jamus, kuma injinta akwai juriya. Amma kafin ka biya, tafi da makanikenka. Ku leƙa ƙarƙashinta ko tsatsa ta ci. Ku tayar da ita da sassafe. Shuɗin hayaƙi alama ce tana shan baƙin mai. Ku hau titin Jega zuwa Maiyama, ku ji shigar giya. A nuna maka takardun kwastan. Sannan ka tambayi farashin kayan gyaranta a Jega, don araha ba ta ado. In kuwa don ɗaukar buhunan albasa kake son ta, bar wa a-kori-kura.