Masana'antar Taki a Saiwar Gyada

Hutun da ya wuce na je gonarmu a Shanga, na tuge gyada guda na ga saiwarta cike da 'yan ƙulle-ƙulle. Na ce, "Baba, gyadar nan ta kamu da cuta." Ya yi dariya ya ce, "Kai da bokonka! Duk inda ka ga wannan, dawar baɗi za ta yi kyau." Wallahi sai da na dawo makaranta na gane tsoho ya riga ni sanin darasin.

Ga yadda abin yake. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wato sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Amma tsiro ba ya iya ɗaukarsa kai tsaye daga iska. Wata bakteriya mai suna Rhizobium, wadda masani Beijerinck na ƙasar Holan ya ware a 1888, tana shiga saiwar gyada, wake da waken suya, ta gina waɗannan ƙulle-ƙullen, ta mayar da naitirojin abincin tsiro. Shi kuma tsiron ya biya ta da sukari. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan.

Za ka iya gwadawa da kanka. Ka fasa ƙulli guda da farce. In cikinsa ja-ja ne, aiki na tafiya. In fari ne ko kore, babu abin kirki. Ƙullin bakteriya yana ɓallewa da sauƙi daga jikin saiwa, na tsutsar ƙasa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Yanzu har kiwon waɗannan ƙwayoyin ake yi a sayar. Cibiyar IITA ta Ibadan tana haɗa NoduMax domin waken suya. A jiƙa iri da ruwan ƙaro, a cakuɗa da garin, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Mu tuna abu ne mai rai: in aka bar shi a zafin ranar Yauri, an kashe shi. Kuma ba ya maye gurbin fosfaras, sai an zuba. Yawan yuriya kuma yana sa tsiron ya ƙi yin ƙullin.

Masu shinkafa a bakin tafkin Kainji, daga Yauri zuwa Ngaski, su ma suna da nasu. Azolla, wani ɗan ganye mai yawo a kan ruwa, yana ɗauke da Anabaena mai irin wannan aiki, kuma manoman Sin da Biyetnam sun daɗe suna takin shinkafa da shi.

'Yan'uwa ɗalibai, tun yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 kowa ya san yadda kuɗin taki ya tashi, kuma da yawanmu daga gona ake biya mana kuɗin makaranta. In kun je gida, ku tuge gyada ku duba, sannan ku roƙi iyaye kada a kwashe harawa tas, a bar wani abu ya koma ƙasa.