Takardar CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce

Na daɗe ina aiki a teburin sauraron abokan hulɗa na banki, kuma abin da ke ɗaure mini kai shi ne, yawancin waɗanda ake damfara sun fi ni iya lissafi. Ɗan kasuwar da zai fitar da ribar dila guda ta atamfa a Kantin Kwari ba tare da ya taɓa biro ba, shi ne zai miƙo mini waya yana cewa, "Ai kamfanin yana da rajista."

Kwanaki wata Hajiya mai tara adashi ta zo cire kuɗin zubin mata za ta kai wani kamfani. Ta nuna mini hoton takardar CAC. Na ce, "Hajiya, wa ya turo miki?" Ta ce a zauren WhatsApp na unguwarsu aka sa, kuma maƙwabciyarta ta ci riba wata biyu a jere.

"To ita maƙwabciyar, daga ina ta samo?"

Ta yi shiru.

Takardar CAC shaida ce kawai cewa an yi wa kamfani ko sana'a rajista, kamar yadda ake yi wa shagon ɗinki. Mai karɓar ajiyar jama'a sai da lasisin Babban Bankin Najeriya, mai juya kuɗin mutane da sunan zuba jari kuwa sai da rajistar hukumar SEC. Dukansu suna wallafa sunayen waɗanda suka amince da su a shafukansu na intanet, kuma dubawa ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ajiyar bankin kasuwanci, hukumar NDIC ta tsaya mata har naira miliyan 5 tun 2024. Abin da ka miƙa wa wancan kamfani ba shi da mai tsaya masa.

Ribar maƙwabciya ita ce tarkon, domin da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi. Haka MMM ya yi alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ya kulle asusun mutane a Disamban 2016. CBEX ma ya durƙushe a Afrilun 2025. Wasu irin waɗannan kamfanoni yanzu har da cewa kasuwancinsu babu kuɗin ruwa, don sun san inda zuciyarmu take.

Muka buɗe shafin SEC a wayar Hajiya, muka nemi sunan kamfanin, babu shi. Hajiya ta mayar da katinta cikin jaka, ta ce bari ta koma ta ji daga bakin maƙwabciyar tukuna.