Amfani da Giyar Otomatik a Hanyoyin Taraba

Motoci masu canja giya da kansu, waɗanda makanikai ke kira otomatik, sun yawaita a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kamar yadda suka yawaita a sauran biranen ƙasar nan. Ba su da kuloci, sai birki da totur, kuma ƙafar dama ce kaɗai ya kamata ta taka su. Sauƙin tuƙinsu kan sa wasu direbobi su ɗauka ba sauran abin koyo, alhali kowane harafi da ke jikin sandar giya yana da aikinsa.

Harafin D na tafiya gaba ne, R kuwa na ribas. Ba a sauyawa tsakaninsu sai mota ta tsaya cik, ƙafa na kan birki. Harafin P na ajiye mota ne. A cikin giyabos wani ɗan ƙaramin ƙarfe ne ke shiga haƙoran giya ya kulle ta, ba a kuwa yi shi don ya riƙe nauyin mota shi kaɗai a kan tudu ba. Saboda haka direba zai fara jan birkin hannu, sannan ya sa P.

Inda hatsari ya fi yawa shi ne harafin N, wato firi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, direbobi da dama suka ɗauki ɗabi'ar sa firi a gangara, wai don tsimin mai. Wannan tsimi na banza ne. A motocin zamani, in mota na cikin giya kuma aka ɗage ƙafa daga totur, na'urar inji takan tsayar da mai kusan gaba ɗaya. A firi kuwa dole inji ya ci gaba da shan mai don kada ya mutu.

Abin da ya fi asarar mai muni shi ne abin da ke samun birki. Wanda ya tashi daga Jalingo zuwa Gembu, ya bi ta Bali da Serti, zai hau tsaunin Mambila daga Mayo Selbe, tudun da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. A dawowa gangarar doguwa ce, ga kwana a kan kwana. Motar da ke firi ba abin da ke riƙe ta sai birki. In aka daɗe ana taka shi yakan yi zafi, man birki ya tafasa, direba ya taka har ƙasa motar ba ta tsaya ba.

Don irin wannan wuri aka tanadi 2 da L. Tun kafin a fara gangarawa direba zai rage gudu, ya sa 2, in gangarar ta yi tsanani ya koma L. Inji zai yi kuka, wannan ba lahani ba ne, shi ne ke riƙe motar. Birki kuwa a riƙa taka shi ana saki. A motocin da ba su da waɗannan haruffa, alamar ragewa da ke gefen D ita ce ke yin wannan aiki.