Yadda Ƙananan Na'urori Ke Ajiye Hotunansu A Ma'adanar Waje

Wayar hannu ta yau tana zuwa da ma'adana mai gigabayit 64 ko 128, shi ya sa mai ita ba ya damuwa da nauyin hoto guda. Amma agogon zamani mai araha, da allon inbata, da sauran ƙananan na'urori masu allo, lamarinsu daban ne. Abin da ke tafiyar da su wata 'yar ƙwaƙwalwa ce da ake kira maikrokontrola, kuma ma'adanar da ke cikinta ƙarama ce sosai. Duk mai son haɗa irin waɗannan na'urori zai ci karo da matsalar wurin ajiye hotuna tun a aikinsa na farko.

Lissafin nauyin hoto

A ɗauki misalin STM32F746 na kamfanin STMicroelectronics. Yana da filash megabayit 1 na ajiye firogiram, da RAM kilobayit 320. Allon gwajinsa na Discovery yana zuwa da sikirin mai ɗigo 480 a faɗi da 272 a tsaye, wato ɗigo 130,560. A tsarin launi na RGB565 kowane ɗigo yana cin bayit 2. Ke nan hoto ɗaya da ya cika sikirin yana cin bayit 261,120.

Hotuna huɗu kacal za su cinye filash ɗin, su bar kilobayit 4. Firogiram ɗin kansa bai samu wurin zama ba ke nan. Hotunan waya suna da sauƙin nauyi ne saboda an matse su da tsari irin na JPEG, amma warware matsin yana buƙatar lokaci da RAM, abubuwa biyu da wannan 'yar ƙwaƙwalwa ba ta da su da yawa.

Mafita: ma'adanar waje

Abin da masu ƙira ke yi shi ne su ƙara wani guntun filash a gefe, su bar firogiram a ciki, su kwashe hotuna da haruffa zuwa waje. Allon Discovery ɗin yana da irin wannan guntu mai megabayit 16, wanda zai ɗauki hotuna 64 masu cika sikirin. A kula wajen saye: ana rubuta girman waɗannan guntaye da megabit ne. W25Q128 na kamfanin Winbond megabit 128 ne, wato megabayit 16.

Matsalar ma'adanar waje ita ce gudu. Idan aka haɗa ta da layin SPI mai waya ɗaya a gudun megahaz 40, ɗauko hoton nan zai ci kusan milisakan 52. Motsi mai santsi, na sau 60 a daƙiƙa, yana buƙatar a gama kowane zane cikin ƙasa da milisakan 17. Da QSPI mai wayoyi huɗu a gudu iri ɗaya, lokacin yana sauka zuwa kusan milisakan 13. Wannan ne dalilin da ya sa aka fi amfani da shi wajen hotuna.

QSPI na STM32 yana da wata fa'ida kuma: ana iya saita shi ta yadda ƙwaƙwalwar za ta riƙa karanta guntun kamar nata ne na ciki, daga adireshin 0x90000000. Sai dai dole a shaida wa manhajar haɗa firogiram cewa hotuna can za su zauna, sannan a zaɓi lodar da ta dace da guntun a STM32CubeProgrammer. In aka manta da wannan, firogiram zai shiga amma hotunan ba za su shiga ba, sai a ga sikirin ya cika da shirme.

Katin memori fa?

Katin SD yana da sauƙi, domin ana iya canza hotuna daga kwamfuta ba tare da taɓa firogiram ba. Amma sai an fara kwafo hoton zuwa RAM kafin a nuna shi, kuma kati yana iya sassautawa ko wani ya zare shi.

Abin da ya kamata ya zauna a ciki

Ba komai ake fitarwa waje ba. Ƙananan alamomin da ake zanawa kullum, kamar na batiri, da haruffan da ke nuna saƙon matsala, gara su zauna a ma'adanar ciki. Ta haka ko ta waje ta ƙi aiki, na'urar za ta iya faɗin abin da ke damunta. Manyan hotunan bango da hotuna masu motsi su ne na waje.

Su ma haruffa a matsayin ƙananan hotuna ake ajiye su, kuma kayan aiki irin su LVGL da TouchGFX suna ba da damar zaɓar waɗanda ake buƙata kawai. Mai haɗa na'urar da za ta yi rubutu da Hausa sai ya tabbatar ya saka ƙ da ɗ da ɓ da manyansu a jerin, domin ba sa cikin haruffan Turanci da ake samu tun farko.